Yadda Ake Zaɓar Mai da Yi wa Tsohuwar Tarakta Juye

Duk wanda ya mallaki tsohuwar tarakta, ko Massey Ferguson ce ko Ford, ko kuwa irin Fiat da Steyr ɗin nan da aka riƙa haɗawa a Kano da Bauchi, abu na farko da ya kamata ya sani shi ne cewa ba wuri ɗaya ake zuba mata mai ba, kuma kowane wuri da irin man da ya dace da shi. Domin bayanin ya tsaya a kan abu guda, za a ɗauki Massey Ferguson 135 a matsayin misali, wadda aka fara ƙerawa a 1964, mai injin Perkins na gas mai fistin uku. Tsarinta ya samo asali ne daga ƙaramar taraktar Harry Ferguson, wato TE20, da aka ƙera a birnin Coventry na Ingila tsakanin 1946 da 1956, saboda haka yawancin abin da za a faɗa a nan ya shafi Massey Ferguson 35 da 165 da sauran danginsu. Mai wata tarakta daban zai amfana da hanyar aikin, amma yawan lita da wurin noti sai ya tabbatar da su a jikin tasa.

A jikin 135 akwai manyan ma'ajiyar mai guda biyu. Ta farko ita ce kaskon da ke ƙarƙashin inji, wanda ke cin baƙin mai kimanin lita 6 zuwa 7 idan an haɗa da filta. Ta biyu ita ce gangar jikin taraktar daga bayan kuloci har zuwa tayoyin baya, wadda ke cin kusan lita 30, kuma mai guda ne a cikinta yake yi wa akwatin giya da aksul ɗin baya da famfon ɗaga garma aiki baki ɗaya. Bayan waɗannan akwai ƙananan wurare da ake yawan mantawa da su, kamar kwanon matatar iska da akwatin sitiyari, waɗanda za a zo kansu daga baya.

Zaɓen baƙin mai

A jikin kowace jarkar mai ta kirki akwai rubutu iri biyu da ya kamata a karanta kafin a biya kuɗi. Na farko shi ne lambar SAE, wadda ke nuna kaurin man. Idan aka ga 15W-40, lambar farko tana nuna yadda man ke gudu da sanyin safiya, ta biyu kuma tana nuna kaurinsa bayan inji ya yi zafi. Na biyu shi ne rukunin API, wanda ke nuna irin injin da aka haɗa man dominsa: wanda ya fara da harafin C, kamar CF ko CH-4 ko CI-4, na injin gas ne, wanda ya fara da S kuwa na injin fetur ne. Man da ke ɗauke da S kaɗai bai kamata ya shiga injin Perkins ba, domin ba shi da isasshen sinadarin da zai riƙe baƙin hayaƙin gas, ya kuma kashe kaifin gubar da ƙonewar gas ke haifarwa a cikin mai.

Ga injin da yake da lafiya, 15W-40 na gas shi ne zaɓin da ya fi kwanciyar hankali. SAE 40 tsantsa, wanda kanikawa da dama suka saba da shi, ba laifi ba ne a tsakiyar zafin bazara, amma da asubahin hunturu yakan yi nauyi, ya ɗauki lokaci kafin ya hau zuwa saman inji, kuma a waɗannan 'yan daƙiƙoƙin ne ƙarfe ke cin ƙarfe. Idan injin ya kwana biyu, yana shan mai, allurar gejin matsin mai kuma tana faɗuwa idan ya yi zafi, 20W-50 mai ɗauke da rukunin gas zai iya ɗan tallafa masa. Sai dai a sani cewa mai kauri ba ya gyara ringin da ya cinye. Yana ɓoye ciwon ne na ɗan lokaci kafin a sami halin buɗe injin. Mai sirantaka irin 5W-30 na motocin zamani kuwa ba shi da gurbi a nan, domin tsohon sil da faɗin da ke tsakanin ƙarafan tsohon inji ba za su riƙe shi ba.

Akwai wani hali na musamman da ke buƙatar hattara, wato taraktar da ta shekara da shekaru a ajiye, ko wadda ba a san irin man da aka riƙa zuba mata ba. Man zamani yana da sinadarin wanke datti, kuma idan ya tarar da dauɗar da ta daskare a ƙasan kasko, yana iya ɓamɓaro ta ta je ta toshe ragar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. A irin wannan hali gara a kwance kaskon gaba ɗaya, a wanke shi da kananzir, a wanke ragar, a sa sabon fakin, sannan a zuba sabon mai. Wahalar yini ɗaya ce, amma ta fi sauƙi a kan injin da ya buga.

Game da saye, a nemi jarka a rufe da hatiminta daga dilan da aka sani. Man da ake aunawa da kwalba daga duro a bakin hanya ba a san asalinsa ba, kuma wani lokaci tsohon mai ne aka tace aka dawo da shi.

Man baya, inda aka fi yin kuskure

A nan ne ya kamata a tsaya a natsu, domin kalmar man giya tana ruɗin mutane da yawa. Mai tarakta yakan aika yaro kasuwa ya ce a sayo man giya, a kawo masa EP 140 ko GL-5 na babbar mota, a ɗura lita 30, a ɗauka an yi wa taraktar gata. Matsalar ita ce man da ke bayan Massey Ferguson ba haƙoran giya kaɗai yake yi wa aiki ba. Famfon ɗaga garma yana zaune ne a nutse cikin wannan man, yana zuƙarsa ta ƙananan bawul, kuma mai kaurin 140 ba ya shiga waɗannan ƙofofin da sauri, sai a ga hannuwan ɗaga garma suna rawa, ko su ƙi tashi har sai rana ta take. Bayan haka, man GL-5 yana da yawan sinadarin farar wuta da aka sa domin haƙoran da ke shan matsi mai tsanani, kuma idan ya yi zafi yana iya cin sassan tagulla, alhali tsofaffin taraktoci suna da tagulla a famfo da bushin. Wasu kamfanoni suna haɗa GL-5 ɗin da ba ya taɓa tagulla, amma mai saye a kasuwa ba shi da hanyar tantancewa, don haka kauce masa ya fi.

Abin da aka tsara wa tsofaffin Ferguson tun asali shi ne man ma'adini tsantsa mai lamba SAE 90 na rukunin GL-1, wanda ba shi da waɗancan sinadarai. Kada lambar 90 ta tsorata kowa, domin ma'aunin man giya daban yake da na baƙin mai: kaurin man giya 90 bai wuce na baƙin mai 40 zuwa 50 ba. Idan an sami GL-1 na gaskiya, ya dace da TE20 da 35 da 135 mai giya ta gargajiya, musamman a ƙasa mai zafi. Idan ba a samu ba, akwai man tarakta iri biyu da aka haɗa musamman domin irin wannan aiki. Ɗaya ana rubuta UTTO a jikinsa, na giya da aksul da famfo ne kawai, ba ya shiga inji. Ɗayan ana rubuta STOU, shi kuma yana shiga inji da baya duka. A duba bayan jarkar a ga lambar amincewar kamfani, kamar M1135 ko M1143 na Massey Ferguson, ko J20C na John Deere, ko M2C134D na Ford.

A ganina, ga taraktar da famfonta ya tsufa kuma take aiki cikin zafin rana, STOU mai kaurin 15W-40 ya fi UTTO dacewa, domin yawancin UTTO sirara ne, kuma siririn mai yakan sulale ta tsohon famfo da tsofaffin sil, garma ta riƙa sauka da kanta da zarar an kashe inji. Amma akwai inda ba a yin wannan zaɓi da son rai. Idan taraktar tana da birkin da ke nutse cikin mai, kamar Massey Ferguson 375, ko tana da tsarin Multi-Power, wato mai canza gudu ba tare da an taka kuloci ba, to wajibi ne a zuba UTTO ko STOU mai lambar amincewa, domin man giya na gama-gari zai sa birkin ya riƙa ƙara yana kakkarwa, ya kuma lalata faifan da ke ciki. Haka nan man haidurolik tsantsa, irin mai lamba 46 ko 68 da ake zuba wa tifa da katafila, ba ya shiga wannan ma'ajiya, domin ko da zai ɗaga garma da kyau, ba shi da ƙarfin kare haƙoran aksul.

Juyen inji

Kafin a fara, a tanadi sabon mai da sabuwar filta tare da zoben robarta, da sifana daidai kan noti, da faranti mai faɗi da zai ɗauki fiye da lita 8, da mazurari mai tsabta, da tsummoki, da sabuwar washar tagulla ta notin juye. A tsayar da taraktar a wuri mai daidaito, a sauke garma ƙasa, a fitar da giya, a kafa birki, a sa wa tayoyi waigi. A lokacin hunturu a nemi wurin da iska ba ta kaɗo ƙura, domin yashin da ya faɗa cikin mazurari kai tsaye cikin inji zai tafi.

Idan taraktar ta kwana a tsaye, kafin a tayar da ita a ɗan sassauta notin juye kaɗan a ga abin da zai fara ɗigowa. Ruwa ya fi mai nauyi, saboda haka idan akwai shi a ciki shi ne zai fara fitowa. Daga nan sai a ɗaure notin, a tayar da inji ya yi aiki kamar minti goma zuwa sha biyar har man ya yi ɗumi, a kashe shi. Mai ɗumi ya fi gudu, kuma yakan fito da dattin da ya kwanta. A goge kewayen murfin zuba mai, a buɗe shi domin iska ta shiga, sannan a kwance notin juye a hankali, ana tura shi ciki da yatsa har zaren ƙarshe kafin a janye hannu da sauri, domin man yana iya ƙona fata. A bar shi ya tsiyaye har ɗigon ya tsaya.

Kada a yi gaggawar kawar da farantin, domin tsohon man yana ba da labarin lafiyar injin. Baƙi ƙirin ba abin damuwa ba ne, haka man injin gas yake komawa cikin 'yan sa'o'i. Amma idan ya fito da launin shayi mai madara, ruwa ya shiga, kuma sai a bincika gaskit ɗin kan inji ko hannun silinda, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, a kuma duba ko ruwan lagireto yana raguwa. Idan man ya tsinke yana warin gas, musamman idan ya ƙaru a geji, wato sandar auna mai, maimakon ya ragu, to gas ne ke zuba a ciki, galibi ta robar ƙaramin famfon jawo gas da ta huje, ko ta sil ɗin famfon injekta, ko nozul mai ɗiga. Idan kuma aka murza shi tsakanin yatsu aka ga ƙyalƙyalin ɓurɓushin ƙarfe, lokacin kiran bakanike ya yi. Zuba sabon mai a kan kowane ɗaya daga cikin waɗannan ba tare da gyara ba asarar kuɗi ce.

Yawancin tsofaffin taraktoci suna da filta irin ta gwangwani mai dogon noti a tsakiya. A kwance notin, a cire gwangwanin, a lura da yadda sifirin da faifan da ke ƙarƙashin filtar suka zauna, domin sau da yawa sukan manne da tsohuwar filta a jefar da su tare, kuma idan babu su man zai riƙa wucewa ta gefe ba tare da an tace shi ba. A wanke gwangwanin da kananzir a bar shi ya bushe. Sai a zaƙulo tsohon zoben roba daga cikin raminsa da tsinin waya. Yakan ƙeƙashe har ya zama kamar ba ya nan, kuma wanda ya ɗora sabo a kan tsoho zai ga mai yana tsartuwa da zarar an tayar da inji. A shafa wa sabon zoben mai, a zaunar da shi daidai, a mayar da gwangwanin ana juya shi kaɗan har a ji ya faɗa gurbinsa, sannan a ɗaure. Idan filtar irin ta murɗawa ce, a shafa wa robarta mai, a murɗa da hannu har ta taɓa jiki, a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye, ba tare da an sa mata ƙarfe ba.

A mayar da notin juye da sabuwar washa, a fara ɗaura shi da hannu domin kada zare ya hau zare, a ƙarasa da sifana ba tare da an taka ta da ƙafa ba. A zuba kamar lita 5 da farko, a jira man ya sauka, a duba geji, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya kai layin sama. Kafin a tayar, a ja maɓallin kashe inji a riƙe, a murza makulli na kamar daƙiƙa goma domin famfo ya cika filta ba tare da injin ya kama ba. Sannan a saki maɓallin a tayar, a bar shi a ƙaramin gudu, ido yana kan gejin matsin mai. Idan allurar ba ta tashi ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, ko fitilar mai ba ta mutu ba, a kashe nan take a nemi dalili. Idan ta tashi, a leƙa ƙarƙashi a duba filta da noti ko akwai ɗiga, a kashe bayan minti biyar, a jira wasu mintuna, a sake duba geji, a cike abin da filta ta shanye. Kada a wuce layin sama.

Juyen man baya

Wannan man ba ya ɗumi da gudun inji a tsaye, don haka ya fi kyau a yi juyen bayan taraktar ta dawo daga aiki. A tura sandunan sarrafa ɗagawa ƙasa gaba ɗaya, a tabbatar hannuwan sun sauka har ƙarshe, domin man da ke cikin silindar ɗagawa ya koma ciki ya fita tare da sauran. A tanadi abin tara mai da zai ɗauki fiye da lita 30, kamar rabin duro. Notin juye a nan ba ɗaya ba ne: akwai na ƙarƙashin akwatin giya, akwai kuma na tsakiyar aksul, TE20 ma uku gare ta. Wanda ya buɗe ɗaya kawai ya bar lita da yawa na tsohon mai a ciki. Notocin sukan zo da mayen ƙarfe a bakinsu. Ɗan laushin garin ƙarfe a kansa abu ne da aka saba, amma gutsuren haƙori ko ɓallin boris alama ce ta ɓarna.

Ruwa shi ne babban abokin gabar wannan ma'ajiya. Yana shiga ne ta robar gindin sandar giya idan ta yage, da ta robar babban sifirin da ke bayan kujera inda ake ɗaura sandar saman garma, musamman ga taraktar da ke kwana a fili da damina ko ake wanke ta da famfo mai ƙarfi. Idan man ya fito da ruwa, a canza waɗannan robobin tukuna, in ba haka ba sabon man ma zai bi sahun tsohon. Wasu kanikawa sukan ɗura gas ko kananzir su zagaya da taraktar domin wanke ciki. Ban cika son wannan hanya ba, domin gas ba ya kare haƙora da famfo yadda mai ke yi, kuma ragowarsa takan tsinka sabon man. Gara a buɗe murfin gefe, a sa hannu a kwashe lakar da ta kwanta a ƙasa, a wanke ragar famfo, sannan idan dattin ya yi yawa a zuba mai mai araha na irin da ya dace, a yi aiki da shi na 'yan kwanaki, a sake juyewa.

Bayan an mayar da notoci duka, a zuba sabon man ta ramin da ke saman akwatin giya kusa da sanda. A zuba a hankali, domin man yana ratsawa ne daga ɗaki zuwa ɗaki ta ƙananan ƙofofi, kuma gejin da ke gefen aksul ba zai nuna gaskiya ba sai an ba shi lokaci. A tsaya a wajen lita 25, a jira kamar rabin sa'a, a duba, a ƙarasa. Cikawa fiye da layi tana da illa ta musamman a 35 da 135, domin birkinsu busasshe ne, kuma man da ya yi yawa yakan bi sandar aksul ya ratsa sil ya jiƙa takalmin birki, taraktar ta ƙi tsayawa da tirela a bayanta. Daga nan a tayar da inji, a ɗaga hannuwan a sauke sau da yawa domin iska ta fita, a sauke su, a kashe, a sake duba geji.

Ƙananan wurare da lokacin maimaitawa

Idan matatar iskar irin mai kwanon mai ce, a cire kwanon, a zubar da tsohon man da lakar ƙura, a wanke, a zuba baƙin mai daidai layin da aka zana a ciki. Wuce layin yana da haɗari, domin injin gas yana iya zuƙar man ya riƙa ƙona shi, ya yi ta gudu ba tare da an iya kashe shi da maɓalli ba. A lokacin ƙura, ko ana aikin haro a busasshiyar gona, a duba kwanon kullum. Akwatin sitiyari yana cin man giya 90. Manyan taraktoci irin 165 suna da ƙaramar ma'ajiya daban a ƙarshen kowane aksul kusa da taya, wadda ake cikawa har man ya kai bakin ramin dubawa. Famfon injekta irin na CAV mai zagaye gas ne ke masa aikin mai, ba a zuba masa komai, amma famfo mai layi irin na Simms da ke kan tsofaffin Ford yana da ɗan baƙin mai nasa da ake canzawa tare da na inji.

A canza baƙin mai da filta bayan kowace sa'a 150 zuwa 200 ta aiki, a rage tazarar idan ƙura ta yi yawa ko ba a yarda da ingancin gas ɗin ba, kuma ko taraktar ba ta yi aikin kirki ba kada man ya wuce shekara. Man baya yana iya kai sa'a 750 zuwa 1000, ko shekara guda idan ruwa yana shiga. Tunda agogon sa'o'i na yawancin tsofaffin taraktoci ya daɗe da tsayawa, ya fi sauƙi a ɗaure juyen da kakar aiki: babban juye kafin faɗuwar damina, na inji kuma a sake shi a tsakiyar aiki ga taraktar da ake haya da ita. A rubuta kwanan wata da irin man da aka zuba a jikin filta ko cikin murfin akwatin kayan aiki. Tsohon man kuma a ɗura shi cikin jarka a rufe a kai wa masu sayensa, kada a zubar da shi a gona ko kusa da rijiya, kada kuma a shafa wa dabbobi a kan miki.